Na sauya salansa, babur ya fara harbi da zafi: dole ne a taɓa ƙwaƙwalwarsa?

Wani ɗan'uwa daga Yelwa a nan Bauchi ya aiko da tambaya. Ya sayi Suzuki GSX-R600 ƙirar 2008, na hannu, ya cire salansar kamfani gaba ɗaya tun daga bakin inji, ya ɗaura wata gajera mai ƙara. Tun daga nan in ya saki totur babur sai harbi, fitilar FI mai gargaɗin matsala ta kama a mita, a cikin cunkoson Wunti zafi yana dukan ƙafarsa fiye da da, kuma yana jin ƙarfi ya ragu in zai tashi daga tsaye. Wani ya ce masa ya sayi Power Commander, wato akwatin gyara lissafin mai, wani ya ce a yi wa ƙwaƙwalwar babur filashin, wato a sake rubuta lissafin da ke cikinta, wani kuma ya ce babur zai daidaita kansa. Yana son sanin wanne zai bi.

Ɗan'uwa, tunda duka bututun ka canza, e, babur ɗinka yana buƙatar a gyara masa lissafin mai. Amma ina roƙonka kada ka fara da sayen komai. Abubuwan nan huɗu da ka lissafa kowanne da sanadinsa daban, kuma biyu daga cikinsu ba su da alaƙa da yawan mai ko ƙarancinsa.

Ƙwaƙwalwar babur, wato ECU, ba ta auna iskar da ke shiga inji kai tsaye kamar yadda motoci da yawa suke yi. Ƙiyasi take yi. Tana duba yadda ka buɗe totur, da gudun juyin inji, da matsin iska a bututun shiga, da zafin iska, da zafin ruwan lagireto, sannan ta koma wani jadawali da injiniyoyin kamfani suka rubuta mata, ta ga tsawon lokacin da za ta buɗe injekta, mai fesa wa inji fetur. A Suzuki irin naka, in totur a buɗe yake kaɗan tana dogara ne da sensar matsin iska, in ka buɗe shi sosai sai ta koma kan jadawalin totur da juyin inji. Wannan jadawali an rubuta shi ne da salansar kamfani a jiki. Ka cire salansa, jadawali yana nan yadda yake, iskar da inji ke shaƙa kuwa ta canza.

Wanda ya ce maka babur zai daidaita kansa yana da 'yar gaskiya, amma kaɗan ce. Akwai sensar iskar oksijin a jikin bututun hayaƙi na babura da yawa, ko da yake wasu na shekarun nan da aka yi don kasuwar Amurka ba su zo da ita ba, don haka ka leƙa ka ga ko naka yana da ita. Irin wadda kamfani ke sakawa abu ɗaya ta iya faɗa: mai ya fi ma'aunin 14.7 yawa ko ya gaza shi, wato kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na fetur bisa nauyi. Wutar da take fitarwa tana lilo ne tsakanin bolt 0.1 da 0.9, ba ta iya cewa da nawa aka wuce. ECU kuma tana sauraronta ne kawai a silo da tafiya mai sanyi da totur a tsaye wuri ɗaya. Da ka murɗa sosai, ta daina saurarenta ta koma jadawali. Inda inji ya fi shan wahala, nan ne babu mai gyara masa kuskure.

Shi ya sa nake raba masu canza salansa gida biyu. Wanda ya canza tukunyar baya kaɗai, ya bar bututan gaba da matatar hayaƙi a wurinsu, yawanci ba ya buƙatar komai. Sauti ya samu da raguwar nauyi, ƙarin ƙarfin kuwa bai taka kara ya karya ba. Kai kuwa ka cire bututan gaba, ka cire matatar, ka cire bawul ɗin da ke cikin bututun. Wannan wani sha'ani ne daban.

Mu fara da fitilar FI, don ita ce mafi sauƙi. Babur ɗinka ya zo da wani bawul a cikin bututun hayaƙi wanda Suzuki ke kira SET, irinsa ne Yamaha ke kira EXUP. Wata 'yar mota ce, wato ƙaramin injin lantarki, ke jansa da waya, tana tsuke shi a ƙaramin gudu, tana buɗe shi in inji ya hau sama. In an cire shi, ECU tana neman motar nan ta rasa, ko ta ga tana juyawa ba yadda ta saba ba, sai ta kunna fitila. Bakanike da ya san Suzuki zai haɗa wayoyi biyu a wani soket da ke ƙarƙashin kujera, lambar matsalar ta fito a mita. In ka ga C46, bawul ɗin nan ne. C44 sensar oksijin ce, C49 kuma na'urar PAIR ce da zan zo kanta. Ana kashe C46 da wani ƙaramin soket da ke kwaikwayon motar, ko a kashe shi a cikin ECU lokacin filashin. Kada ka yarda a liƙe fitilar da salatif ko a yanke mata waya. Ranar da famfon mai ko sensar zafi za su samu matsala, ita ce za ta gaya maka.

Raguwar ƙarfi a ƙasa ma daga nan take. Za ka ji ana cewa inji yana son a ɗan toshe masa hayaƙi kafin ya yi ƙarfi. Ba haka ba ne, toshewa ba ta taɓa ƙara wa inji komai ba. Abin da ke faruwa shi ne, duk lokacin da bawul ɗin hayaƙi na cikin inji ya buɗe, wani bugun matsi yana bin bututu da gudun sauti, ya kai inda bututu ya haɗu da wani ko ya ƙare, ya dawo a matsayin zuƙa. Akwai ɗan lokaci a kowane zagaye da bawul ɗin shiga da na fita suke a buɗe tare. In zuƙar nan ta iso daidai wannan lokaci, tana janye ragowar hayaƙi ta jawo sabuwar iska ciki, silinda ta cika fiye da yadda fistin kaɗai zai cika ta. In ta iso a lokacin da bai dace ba, hayaƙi ne ke komawa ciki. Tsawon bututu da faɗinsa da yadda huɗun suka haɗu su ke yanke a wane gudu abin zai yi daidai. Gajeren bututu mai faɗi yana kai amfanin can sama, ya bar tsakiya da rami. Bawul ɗin SET aikinsa ke nan, cike wannan rami ta hanyar canza yadda bugun nan ke dawowa. Gyaran mai zai rage maka shi, amma in bututun da ka ɗaura irin wanda mai walda ya lanƙwasa da ido ne, ba a auna tsawonsa ba, babu kwamfutar da za ta mayar maka da duk abin da ya tafi. Na fi son in gaya maka wannan tun yanzu kafin ka kashe kuɗi.

Wannan bayani yana da wani amfani. Tunda bututu yana ƙara iska a wani gudu yana rage ta a wani, canza salansa ba ya sa mai ya yi ƙaranci a ko'ina. A juyi 5,000 a minti yana iya yin yawa, a 10,000 ya yi ƙaranci, a inji ɗaya. Duk wanda ya ce zai ƙara maka kashi goma na mai daga ƙasa har sama, ya gyara wuri ɗaya ya ɓata biyu. Haka ma dabarar nan ta saƙala resista a sensar zafin iska don a yaudari ECU ta ɗauka ana sanyi ta ƙara mai. Tana ƙara man, amma ko'ina, har inda ba a so, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 babu wanda ke da man zubarwa ta salansa.

Harbi shi ne ya fi tayar wa mutane hankali, alhali shi ne mafi ƙarancin haɗari. In ka saki totur, ɗan man da bai ƙone ba yana fita cikin bututu mai zafi, in ya samu iska sai ya kama a can. Iskar tana zuwa ta hanya biyu. Ta farko ita ce PAIR, wata na'ura da kamfani ya saka da gangan tana tura iska mai tsabta bayan bawul ɗin hayaƙi don ƙone ragowar mai. Da ma can ana wannan harbi, tukunyar kamfani ce ke haɗiye ƙarar. Ta biyu ita ce yoyo: gaskit ɗin bakin inji da aka mayar da tsoho, ko mahaɗar bututu da ba ta zauna ba. Da safe kafin inji ya yi zafi, ka tayar da shi ka kai hannu kusa da kowace mahaɗa ba tare da ka taɓa ba, ka kuma duba ko akwai baƙin toka a gefenta. A sa sababbin gaskit, a toshe PAIR, mafi yawan harbin zai tafi ba a taɓa mai ba. Mutane da yawa suna ta ƙara mai don su kashe harbi, har fulogi ya yi baƙi, baƙin mai ya fara warin fetur, alhali gaskit ne na 'yan kuɗi kaɗan.

Zafi ne abin da nake so ka ɗauka da muhimmanci. Wani ɓangarensa daga bututun ne kawai, don ƙarfen kasuwa siriri ne kuma ba shi da marfin kare zafi. Amma in mai ya yi ƙaranci lokacin da inji ke aiki da ƙarfi, zafin cikin silinda yana hawa, bawul ɗin hayaƙi da kan fistin su ne ke fara biya. A watan Maris da Afrilu, da zafin garin nan ke kaiwa digiri 40, inji ba shi da sauran sarari na haƙuri.

Kafin a taɓa jadawali, dole babur ya zama lafiyayye, kuma a nan ne aka fi yin asara a wajenmu. Babur ɗin da ya shekara goma sha wani abu, ya zauna a jirgi, ya zo ya sha man 'yan bumburutu daga galan, da wuya a ce tankinsa da matatar famfonsa tsaf suke. Famfon mai na Suzuki irin naka ya kamata ya riƙe matsi 3 a ma'aunin bar, kuma ya riƙe shi har lokacin da inji ke neman mai da yawa. In matata ta toshe da tsatsa, babur zai yi lafiya a cikin gari, ya shaƙe a sama, mai shi ya ɗora laifi a kan salansa. Injekta takwas ne a injin nan, biyu a kowace silinda, na saman ba sa shiga aiki sai gudu ya hau, don haka suna iya toshewa ba ka sani ba. A wanke su duka a injin wanki, a auna abin da kowanne ke fesawa. Masu babura ba su manta da gurɓataccen fetur mai yawan metanol da ya shigo ƙasar nan a watan Fabrairun 2022 ba, kuma ko ba irin wannan ba, ruwa da datti a mai abu ne na kullum.

A duba tazarar bawul, wadda Suzuki ya ce a duba duk kilomita 24,000, don bawul ɗin hayaƙi da ya matse ga kuma ƙarancin mai, ƙonewa ce ke biyo baya. A daidaita maƙogwaron totur huɗun su riƙa shaƙa daidai. A duba sensar totur: in an haɗa soket ɗin nan na ƙarƙashin kujera, akwai 'yar sanda a gefen C00 da ya kamata ta tsaya a tsakiya lokacin silo. Sai filtar iska. Ƙurar hunturu tana cika ta cikin ɗan lokaci, kuma in aka yi tunin, wato gyaran jadawalin mai, da filta a toshe, ranar da ka sa sabuwa mai zai koma ƙaranci. Ban goyi bayan filtar tsere mai manyan ƙofofi a hanyoyinmu ba. Abin da za ta ƙara maka bai kai ƙurar da za ta bari ta wuce zuwa ringi ba.

In an gama wannan, sai a auna. Ana walda wata 'yar mazauna mai zaren M18 a bututu bayan inda huɗun suka haɗu, a ɗan karkata ta sama don kada ruwan raɓa ya taru a kan sensa, a ɗaura sensa mai faɗin karatu irin Bosch LSU 4.9. Ita tana faɗin ainihin lamba, 12.4 ne ko 15.1. Dole a toshe PAIR kuma a tabbatar babu yoyo kafin a karanta, in ba haka ba iskar waje za ta sa ta nuna ƙarancin mai na ƙarya, a yi ta ƙara mai a banza. A gajeriyar salansa irin taka, iska tana komowa ta baki a ƙaramin gudu, don haka karatun silo ba abin dogaro ba ne sosai. Abin da ake nema a totur cikakke shi ne tsakanin 12.8 da 13.2, ni kuma a zafinmu na fi karkata ga 12.8, wato ɓangaren yalwar mai. A tafiya mai sanyi 13.5 zuwa 14 ya isa, babur ya yi laushi kuma bai zama mashayi ba. Duba launin fulogi yana taimakawa, amma labarin 'yan mintunan ƙarshe kawai yake bayarwa, ba zai gaya maka a wane gudu matsalar take ba.

Yanzu ga zaɓinka. Power Commander na kamfanin Dynojet, da ire-irensa kamar Rapid Bike da Bazzaz, akwati ne da ke shiga tsakanin ECU da injekta, yana tsawaita ko gajarta buɗewarsu bisa jadawalin da ka ba shi. Amfaninsa a wurinmu babba ne: in wani abu ya rikice a hanya, ka zare shi ka mayar da soket, babur ya koma yadda kamfani ya yi shi. Ana iya haɗa masa Autotune, ya riƙa karanta sensa yana ba da shawarar gyara. Rauninsa shi ne ba ya kashe C46, ba ya taɓa fanka, yana ƙara wayoyi da soket da ruwan damina zai iya shiga, kuma sai an yi wa sensar oksijin ta kamfani dabara, in ba haka ba ECU za ta riƙa warware abin da ya ƙara a ƙaramin gudu. Ka tambaya kuma ko wanda za a sayar maka yana iko da injekta takwas ɗin ko huɗu kawai. Jabu sun yi yawa a intanet, in farashi ya yi araha fiye da kima ka bar shi.

Filashin kuwa sake rubuta jadawalin cikin ECU ne da kanta, da manhaja irin ta Woolich Racing ko FTECU. Ga babur irin naka shi na fi so, don a zama ɗaya za a gyara mai, a kashe lambar SET da ta PAIR, a kuma sauko da zafin da fanka ke tashi. Daga kamfani sai ruwa ya kai wajen digiri 105 take kamawa, kuma a sauko da ita ƙasa da 100 alheri ne ga mai bin cunkoson Muda Lawal da rana. Sai dai ka kafa sharuɗɗa. A fara kwafe ainihin fayil ɗin ECU a ba ka a waya ko ma'ajiyar USB kafin a rubuta komai. Batir ya zama a cike, kwamfutar ma a cike, don in wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu ECU tana iya mutuwa, kuma a baburan da aka yi don Turai tana ɗaure da makulli, maye gurbinta ba ƙaramin aiki ba ne.

Akwai tarko ɗaya da nake so ka riƙe ko ka manta da sauran. Jadawalin da ake saukewa daga intanet yawanci sun matso da lokacin tartsatsin fulogi gaba, kuma an rubuta su ne don fetur mai lamba 91 ko 93 na Amurka, wato lambar ƙarfin fetur. Lambar Amurka ba irin tamu ba ce. 91 nasu ya yi daidai da kusan 95 a ma'aunin RON, fetur ɗinmu na gidan mai kuwa wajen 91 ne a ma'aunin RON ɗin. Injinka matsinsa ya haura 12.5, da ma can a kan iyaka yake da man da muke samu. In aka ƙara masa gaggawar tartsatsi, ga zafi, ga mai mara ƙarfi, zai fara ƙwanƙwasa daga ciki, kuma da ƙarar salansar nan ba za ka ji ba sai fistin ya huje. Ka ce wa mai filashin ya gyara mai, ya bar lokacin tartsatsi yadda kamfani ya sa shi.

Batun tudu kada ya dame ka. Bauchi tana kan wajen mita 600 daga teku, Jos ta haura 1,200, kuma ECU tana da sensar da ke gane raguwar matsin iska ta rage mai da kanta yayin da kake hawa ta Toro. Mai kabureta ne ke jin wannan a jikinsa. Shi ma mai Boxer ko Jincheng da ya huda salansa, ka'idar ɗaya ce, sai dai nasa gyaran a jet da allura da sukurun iska yake, ba a kwamfuta ba.

Inda ya fi dacewa a yi wannan aiki shi ne kan injin gwaji na daino, inda ake ɗaure babur a riƙe shi a kowane gudu a gyara jadawali gida-gida, kuma ya cancanci a yi tafiya a neme shi. In bai samu ba, ana iya gyara ƙasa da tsakiya a kan hanya da na'urar da ke ajiye karatu, a tsaya a duba a kwamfuta, a canza kashi biyu ko uku, a sake. Ba a kallon mita ana tafiya. Totur cikakke kuwa ban yarda a gwada shi a titin Jos ko na Gombe ba. Babur ɗin nan a giya ta biyu kaɗai yana wuce kilomita 140 a awa, ga shanu, ga tirela, ga ramuka, ga yara a bakin ƙauyuka. A bar saman jadawali da ɗan yalwar mai har a samu daino.

In salansar ta zo da toshiyar rage ƙara a bakinta, ka yanke shawara tun kafin tunin ko da ita za ka riƙa hawa, don sakawa da cirewa yana canza lissafin. Ni dai ina ba ka shawara ka bar ta a ciki. Kana wucewa ta gaban asibiti da masallatai da gidajen da ke da jarirai da tsofaffi, kuma a inji mai girman 600 abin da take ragewa can ƙololuwa ne, inda ba ka kaiwa a cikin gari, sau da yawa ma tana ɗan dawo da ƙarfin tsakiya da ka rasa. Tsohuwar salansar kamfani da motar SET da wayoyinta kuma kada ka sayar wa 'yan gwangwan. In an auna aka ga ramin tsakiyar nan ya ƙi cikewa, mayar da bututan gaba na kamfani a ɗaura tukunyar kasuwa a baya shi ne zai fi ba ka babur mai daɗin hawa, kuma mai saye na gaba zai tambaye ka su.